Dutsen Yvonne Fletcher: alamar da ta hana a binne wata shari'a a Landan

Kwana goma hular nan tana yashe a kan kwalta, babu wanda ya isa ya je ya ɗauka. Hular wata 'yar sanda ce, a gefenta kuma ga hulunan kwano guda huɗu na abokan aikinta maza, waɗanda suka zube a cikin ruɗanin da ya biyo bayan harbi. Wurin yana daidai saitin tagogin ofishin jakadancin Libiya da ke dandalin St James a tsakiyar Landan, kuma ta tagogin nan ne wutar ta fito. Masu ɗaukar hoto suka riƙa hango hulunan daga nesa, jaridu suna bugawa, talabijin yana nunawa safe da yamma. Sai ranar 27 ga Afrilun 1984, ranar jana'izar mai hular, wani ɗan sanda ya saɓa umarnin manyansa, ya ratsa ya ɗauko ta. A kan akwatin gawarta aka ɗora ta a babban cocin Salisbury.

Kusa da inda hular ta yi kwanakin nan, yau akwai wani dutse a jikin shingen lambun da ke tsakiyar dandalin. Tsayinsa bai kai na mutum ba. Mai sauri zai iya wuce shi bai lura ba. Amma daga wannan ɗan dutse ne Birtaniya ta koyi wata al'ada da ba ta da ita a da, ta kafa alama a bakin titi, a inda aka kashe ɗan sanda yana bakin aiki.

Sunan mai hular Yvonne Fletcher, shekarunta 25. 'Yar ƙauye ce daga Semley a yankin Wiltshire, an haife ta a 1958. Tun tana yarinya aikin ɗan sanda take so, sai dai tsayinta ya gaza abin da ake nema a lokacin, wasu rundunoni suka mayar da ita. Rundunar birnin Landan ce ta karɓe ta a 1977, aka tura ta caji ofis na Bow Street. An yi mata baiko da wani ɗan sanda abokin aikinta, shi ma yana dandalin a ranar. Ba ta ɗauke da bindiga, kamar yadda akasarin 'yan sandan Birtaniya ba sa ɗauka har gobe. Aikin da aka tura ta ba wani babban aiki ba ne: a tsaya tsakanin masu zanga-zanga da gini, a tabbatar kowa ya yi ihunsa ya koma gida lafiya.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun 1979 gwamnatin Mu'ammar Gaddafi ta sauya wa ofisoshin jakadancinta suna zuwa Ofishin Jama'a, kuma tun wajen wannan lokaci take farautar 'yan adawarta da suka gudu ƙasashen waje. A watan Afrilun 1980 an bindige Muhammad Mustafa Ramadan, ɗan jarida ɗan Libiya da ke aiki da sashen Larabci na BBC, a harabar babban masallacin Regent's Park bayan an sauko daga Juma'a. A Fabrairun 1984 wasu ɗalibai 'yan kwamitin juyin juya hali suka karɓe ragamar ofishin na Landan. A tsakiyar Afrilu aka rataye ɗalibai biyu a jami'ar Tarabulus, shi ya sa 'yan adawa suka shirya fitowa. Jami'an Libiya sun nemi gwamnatin Birtaniya ta hana gangamin, aka ce musu doka ba ta ba da wannan dama ba. Da safiyar Talata 17 ga wata, kimanin mutum 75 suka hallara, da yawansu sun rufe fuska don tsoron abin da zai sami danginsu a gida. Da ƙarfe 10:18 aka buɗe wuta da bindiga mai sarrafa kanta daga hawa na ɗaya. Masu zanga-zanga 11 suka ji rauni. Harsashi ya sami Yvonne ta baya. Ta cika a asibitin Westminster wajen tsakar rana.

Daga nan ne al'amarin ya zama mai wuyar haɗiya. 'Yan sanda sun yi wa ginin ƙawanya, sun san wanda ya yi harbin yana ciki, amma ba su da ikon taka ƙofar. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar jakadanci ita ce ta ɗaure musu hannu. Sashe na 22 ya ce ba a shiga ofishin jakadanci sai da yardar shugabansa. Sashe na 29 ya ce ba a kama jami'in jakadanci, ba a tsare shi. Sashe na 27 kuma ya ce jakar diflomasiyya ba a buɗe ta, ba a riƙe ta. Wannan rigar kariya ba don gata aka ɗinka ta ba, an yi ta ne don kowace ƙasa ta san cewa wakilanta suna cikin aminci ko da a gidan maƙiyi. To amma ga ta yau ta lulluɓe mai kisa. Ga shi kuma a Tarabulus an kewaye ofishin jakadancin Birtaniya, akwai dubban 'yan ƙasar da ke aiki a Libiya. Gaba kura, baya sayaki. Ranar 22 ga wata gwamnatin Margaret Thatcher ta yanke hulɗa da Libiya, ta ba mutanen cikin ginin wa'adin fita. Ranar 27 mutum 30 suka fito, aka yi musu 'yan tambayoyi, aka raka su filin jirgi. Jakunkunansu sun riga sun wuce ba tare da an buɗe ko ɗaya ba. Da 'yan sanda suka shiga ginin daga baya sun sami burbushin albarushi a bakin taga, amma bindigar ta yi ɓatan dabo.

A rana guda aka yi abubuwan biyu: ana jana'izarta a Wiltshire, waɗanda ake zargi suna hawa jirgi a Landan. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane dalilin da ya sa dutsen ya yi nauyi a zukatan mutane ba.

Mu 'yan Nijeriya wannan sashe na 27 ba baƙonmu ba ne. Ba a cika wata uku ba, ranar 5 ga Yulin 1984, aka sace Alhaji Umaru Dikko, tsohon ministan sufuri na gwamnatin Shagari, a ƙofar gidansa a Landan, aka sa masa allurar barci, aka cusa shi cikin akwati za a yi jigilarsa zuwa Legas. Abin da ya cece shi a filin jirgin Stansted shi ne akwatin bai cika sharuɗɗan da ke mayar da kaya jakar diflomasiyya ba, don haka 'yan kwastan suka sami ikon buɗewa. Doka ɗaya ce: a Afrilu ta rufe bindiga, a Yuli kuma giɓin da aka bari a cikinta ya buɗe akwati.

Kwana huɗu da kisan, wani mai shirya finafinai, Michael Winner, ya aika wasiƙa jaridar Times. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, ƙasar da ta cika dandalinta da alamun tunawa da sojoji da sarakuna, bai kamata ta bar wurin da wannan yarinya ta faɗi ya koma titi kamar kowane titi ba. Mutane suka fara aiko da kuɗi. A farkon watan Mayu ya kafa gidauniyar tunawa da 'yan sanda, Police Memorial Trust, wadda ya jagoranta har rasuwarsa a 2013, matarsa Geraldine ta ci gaba.

Akwai abin lura a nan. Ba rundunar 'yan sanda ce ta kafa dutsen ba, ba kuma gwamnati ba. Kuɗin jama'a ne, na wanda ya ga hula a kwalta ya ji abin a ransa. A ganina wannan shi ne rabin darajar dutsen. Da hukuma ce ta gina wa kanta, da an ce ai gwano ba ya jin warin jikinsa, kowa yabon nasa yake yi. Amma ɗan sanda mutum ne da jama'a suka ba iko a kansu, ikon tsayar da su, da bincikarsu, da kulle su. Idan waɗanda ake wa wannan iko su ne suka zaro kuɗi daga aljihu don girmama shi, maganar ta zama shaida.

Kada kuma a ɗauka haka Turawan Ingila suke tun asali. Lokacin da Robert Peel ya kafa rundunar Landan a 1829, talakawa da yawa kallon 'yan leƙen asirin gwamnati suke musu. A watan Mayun 1833 an daɓa wa wani ɗan sanda, Robert Culley, wuƙa a wani taron siyasa da 'yan sanda suka tarwatsa a Coldbath Fields. Masu taya mai binciken mutuwa yanke hukunci suka ce kisan yana da hujja, saboda irin dukan da 'yan sanda suka yi wa jama'a a ranar. Kotu ta soke hukuncin daga baya, amma mutanen gari sun ɗauki masu hukuncin a matsayin jarumai, har da kyaututtuka. Tsakanin wannan rana da ranar da baƙi suka riƙa ajiye furanni a dandalin St James akwai shekara 151. Girmamawar nema aka yi, ba gado ba ce.

Yanzu mu matsa kusa da dutsen. Farin dutsen Portland ne da dutse mai ƙarfi da ake kira granite, a sama akwai tambarin rundunar. Rubutun kuwa bai wuce abin da za ka karanta da numfashi ɗaya ba: a nan ne 'yar sanda Yvonne Fletcher ta faɗi, 17 ga Afrilu 1984. Shi ke nan. Babu sunan Libiya, babu sunan Gaddafi, babu kalmar ta'addanci, babu kirari. An faɗaɗa hanyar masu tafiya a ƙasa ta ɗan zagaya gabansa, yadda mutum zai tsaya ba tare da mota ta taɓa shi ba. A cikin lambun kuma an dasa mata itace.

Na daɗe ina tunanin wannan ƙarancin magana. Da farko mutum zai ce tsoro ne, ko siyasa. Amma duba abin da ya biyo baya. An yanke hulɗa da Libiya, an dawo da ita a 1999. Firaministan Birtaniya na lokacin, Tony Blair, ya je ya gaisa da Gaddafi a tantinsa a 2004. An kashe Gaddafi a 2011. Gwamnatoci sun zo sun tafi a ƙasashen biyu, abokin jiya ya zama maƙiyin yau. Da an sassaƙa zargi ko zagi a jikin dutsen, da kowace sabuwar siyasa ta nemi a gyara shi ko a kawar da shi. Da yake suna ne kawai da wuri da rana, babu wanda ya taɓa samun abin da zai musanta. Kalmar "a nan" ita ce ke ɗauke da kayan duka. Ka tsaya a gabansa, ka ɗaga kai, ga tagogin gini mai lamba 5 suna kallonka. Dutsen bai ce komai a kansu ba, kai ne za ka haɗa lissafin.

Na san tambayar da ke zuciyar mai karatu da ya tashi a irin tarbiyyarmu: shin wannan ba gunki ba ne, ko gini a kan kabari? Ko ɗaya. Babu siffar mutum a jikinsa, babu gawa a ƙarƙashinsa, kabarinta yana can ƙauyensu. Ba a zuwa neman tabarraki. Ya fi kusa da abin da muke yi idan muka sa wa titi ko makaranta sunan wani don kada a manta da shi, sai dai shi wannan ya ƙara da nuna takamaiman wurin da jini ya zuba. Hukuncin addini na malamai ne, amma kafin a kai ga hukunci yana da kyau a san mene ne abin.

Ranar 1 ga Fabrairun 1985 Thatcher da kanta ta yaye ƙyallen, shugabannin manyan jam'iyyun adawa suna tsaye tare da ita. Ba ranar natsuwa ba ce. A daidai lokacin akwai 'yan Birtaniya huɗu da Libiya ke tsare da su tun bayan rikicin, Terry Waite, wakilin shugaban cocin Ingila, yana ta kai gwauro yana kai mari don a sake su, kuma sai bayan 'yan kwanaki aka sallame su. Wato tun ranar farko dutsen yana cikin siyasa, ko da bakinsa a rufe yake. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, a Afrilun 1986, Thatcher ta bar jiragen yaƙin Amurka suka tashi daga sansanonin Birtaniya suka yi ruwan bama-bamai a Tarabulus da Bangazi, kuma kisan Yvonne yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata don kare matakin. Fararen hula sun mutu a wannan hari. Wannan shi ne haɗarin da ke tattare da duk wani mamaci da aka ɗaga sunansa: ba shi da bakin da zai ce kada a yi kaza da sunana.

Akwai kuma maganar wanda aka bari a waje. Mutum 11 da harsashi ya sama a ranar 'yan Libiya ne, su aka yi niyyar kashewa, sun fito ne saboda an rataye 'yan'uwansu. Babu sunansu a dutsen. Ba laifin gidauniyar ba ne, domin ita don 'yan sanda aka kafa ta. Amma wanda ya karanta dutsen kaɗai zai tafi da rabin labari.

Inda wannan matsala ta fi fitowa fili shi ne batun Keith Blakelock. Ranar 5 ga Oktoban 1985 'yan sanda suka shiga bincike gidan wata baƙar fata, Cynthia Jarrett, a unguwar Tottenham, zuciyarta ta buga ta mutu suna cikin gidan. Washegari unguwar Broadwater Farm ta kama da wuta. Blakelock yana cikin 'yan sandan da aka tura su kare ma'aikatan kashe gobara, ya faɗi, taron mutane suka rufar masa da wuƙaƙe da adduna. Kisan gilla ne, babu wata hanyar faɗarsa. Amma dutsensa ba a Broadwater Farm aka kafa shi ba, an kai shi Muswell Hill, unguwar da yake sintiri kullum, inda masu shaguna suka san shi. An karya ƙa'idar "a nan", kuma duk wanda ya san halin da unguwar ke ciki ya san ba a rasa dalili ba. A wurin da mutane ke ganin an kashe musu uwa ba a hukunta kowa ba, dutsen ɗan sanda ba zai zama wurin alhini na kowa da kowa ba. Binciken kisan ma ya ƙara dagula lamarin: mutum uku da aka ɗaure a 1987, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su a 1991 bayan an gano matsala a takardun bayanan da aka ce an ɗauka daga bakin ɗaya daga cikinsu. Wani da aka gurfanar a 2014 shi ma an sallame shi. Gidaje biyu suka yi rashi a kwana biyu, kuma dutse ɗaya ba zai iya ɗaukar kukan duka biyun ba.

Ban kawo wannan don in rage wa Blakelock komai ba. Mutum ne mai mata da 'ya'ya uku, ya fita aiki bai dawo ba. Na kawo shi ne don a ga cewa alamar tunawa tana tsayuwa ne a kan yardar mutanen da za su riƙa wucewa ta gabanta kowace safiya. Inda yardar ta samu, furanni za ka gani. Inda ba ta samu ba, sai an sa mai gadi.

Daga duwatsun bakin titi, waɗanda yanzu sun kai gommai a faɗin ƙasar, Winner ya shafe kusan shekara goma yana neman a yi guda ɗaya na ƙasa baki ɗaya. Ranar 26 ga Afrilun 2005 Sarauniya Elizabeth ta buɗe shi a bakin titin Mall, hanyar da ke zuwa fadar Buckingham. Norman Foster da Per Arnoldi ne suka tsara shi. Wani baƙin gini ne mai kusurwa huɗu, wanda a zahiri ya rufe wata kafar shan iska ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, a gefensa kuma dogon ginshiƙin gilashi da ke ba da shuɗin haske, irin fitilar da aka saba ratayewa a ƙofar caji ofis a Ingila don wanda ke cikin matsala ya hango da dare. A bayan gilashi akwai littafi mai ɗauke da sunaye kusan 1,600 a lokacin buɗewar, ana juya shafinsa lokaci-lokaci, don kowane suna ya samu ranar da zai ga haske. A watan Yulin 2021 kuma aka buɗe wani a Staffordshire, katafaren tagulla mai tsayin mita 12, an yi shi da siffar ƙofa a ɗan buɗe, alamar ƙofar da ɗan sanda ke shiga bai san abin da ke bayanta ba. Suna da kyau, suna da amfani, musamman ga iyalan da nasu ya mutu a wurin da ba za a iya kafa komai ba. Amma waɗannan sai ka yi niyya ka je. Na bakin titi shi yake tare ka a hanya.

Shi ya sa ma taɓa shi ke tayar da hankali. Keith Palmer, ɗan sandan da aka daɓa wa wuƙa a ƙofar majalisar dokoki ranar 22 ga Maris 2017 yana tsaye ba makami, an kafa masa nasa a bakin ƙofar a 2019. A watan Yunin 2020, a tsakiyar wata zanga-zanga, aka ɗauki hoton wani yana fitsari a gefen dutsen. Ya ce bai san mene ne ba. Kotu ta ɗaure shi kwana 14. Hayaniyar wannan bazara, wadda ta shafi gumaka da alamun yaƙi da dama, ita ta kai ga dokar 2022 da ta ba da damar ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10 ga wanda ya lalata alamar tunawa, komai ƙanƙantar kuɗin ɓarnar. Doka ta yarda ke nan cewa abin da ake lalatawa ba a auna shi da farashin dutse.

Mu koma dandalin St James, domin akwai wani mutum da ban ambata ba tukuna. John Murray, ɗan sanda abokin aikinta, yana tsaye kusa da Yvonne lokacin da ta faɗi. Shi ya tallafe kanta, shi ya shiga motar asibiti tare da ita, kuma a cikin motar ya yi mata alkawarin zai gano wanda ya yi wannan aiki. Alkawari kaya ne, shi kuwa ya ɗauki nasa kusan shekara 40.

Kowace ranar 17 ga Afrilu akan taru a gaban dutsen, tsofaffin abokan aiki, da dangi, da sababbin kurata da ba a haifa ba lokacin da abin ya faru. Duk shekara 'yan jarida sukan zo, duk shekara kuma sai an sake tambaya ɗaya: ina aka kwana? Fayil a ofis ana iya tura shi ƙarƙashin wasu fayiloli har ƙura ta cinye shi. Wurin taro mai rana tsayayya ba ya turuwa. Wannan, a fahimtata, shi ne babban aikin da dutsen ya yi. Bai kama kowa ba, amma ya hana manyan ƙasa su yi kamar sun manta.

A Yulin 1999 Libiya ta amince cewa alhakin abin da aka yi daga cikin ofishinta yana wuyanta gaba ɗaya, ta biya iyalan diyya, sakataren harkokin waje Robin Cook ya sanar da maido da hulɗa. Sai dai amsa laifi a dunƙule daban, miƙa mutum daban. 'Yan sandan Landan sun yi ta zuwa Libiya bayan 2004, ba a gurfanar da kowa ba. A Nuwamban 2015 aka kama Saleh Ibrahim Mabrouk, ɗaya daga cikin jagororin kwamitin da ke riƙe da ofishin a 1984, wanda ya dawo ya zauna a Ingila. Mutane suka ce to, an zo wurin. A Mayun 2017 aka sake shi, 'yan sanda suka ce akwai muhimman hujjoji da ba za a iya gabatarwa a kotu ba saboda tsaron ƙasa. A 1984 dokar jakadanci ce ta tare hanya, bayan shekara 33 kuma sirrin gwamnatinta ita kanta.

Murray bai haƙura ba. Da yake ƙofar shari'ar laifi ta rufe, sai ya bi ta ƙofar neman diyya, ya kai ƙarar Mabrouk da sunansa shi Murray, a kan cutarwar da harin ya yi masa. Bambancin kotunan biyu yana da muhimmanci. A shari'ar laifi sai an kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana kafin a ɗaure mutum. A ta diyya kuwa alƙali yana duba wane ɓangare ne hujjarsa ta fi rinjaye, kuma ba ya ɗaure kowa. Kuɗin da Murray ya nema fam 1 ne tak, don kowa ya san ba kuɗi ya kai shi ba. Ranar 16 ga Nuwamban 2021 mai shari'a Martin Spencer na babbar kotun Landan ya yanke cewa, ko da yake ba Mabrouk ne ya ja kunamar bindigar ba, domin yana hannun 'yan sanda a kan wani saɓani tun kafin a fara harbin, yana da hannu dumu-dumu a shirya shi, don haka alhakin ya hau kansa tare da waɗanda suka harba. Mabrouk bai halarci zaman ba, yana Libiya, kuma ya musanta zargin.

A Afrilun 2024 aka cika shekara 40. Aka sake taruwa a gaban dutsen, aka jera furanni a ƙasan rubutun, Murray, wanda ya shiga motar asibitin nan yana saurayi, ya zo da furfura, yana maganar tara kuɗi don ya shigar da ƙarar laifi da kansa tunda hukuma ba ta yi ba. Har zuwa wannan rana babu mutum ko ɗaya da wata kotu ta ɗaure saboda kisan Yvonne Fletcher.